BABI NA TARA: AIKIN SA-KAI DA ILMANTAR DA 'YAN MATA ƊALIBAI KAN KIWON LAFIYA A KARKARAR NEFAL

9.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Sai dai ba kowane matafiyi ne ke fita domin ɗebo ilmi kawai ba, akwai wanda kan fita da niyyar kai wa wasu abin da ya sani. Daga cikin irin waɗannan akwai matasa, musamman mata, da kan haɗa yawon buɗe ido da aikin sa-kai, su ratsa ƙauyukan wata ƙasa suna yada zango a makarantu domin yi wa 'yan mata ɗalibai bayani a kan tsabta da haila da abinci mai gina jiki. Niyyar kyakkyawa ce, amma niyya ita kaɗai ba ta isar da saƙo.

Wannan babi zai nazarci irin wannan aiki ta hanyar ɗaukar misali guda, wato karkarar ƙasar Nefal. An zaɓi Nefal ne saboda ta daɗe tana karɓar matafiya da 'yan sa-kai, kuma a can sha'anin haila ya kai ga asarar rayuka har sai da hukuma ta kafa doka a kansa. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ilmin kiwon lafiya ba ya zama a zuciyar yarinya sai ya zo mata cikin harshenta, kuma ta bakin wanda ta amince da shi. Wannan darasi ne da ya shafi duk mai shirin zama malamin harshe.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar aikin sa-kai da ire-irensa;
(b) bayyana al'adar chhaupadi da matakan da aka ɗauka a kanta;
(c) kawo muhimman abubuwan da ake koya wa 'yan mata a darasin kiwon lafiya;
(d) nuna rawar da harshe da sakaya zance ke takawa a irin wannan darasi;
(e) zayyana ƙa'idojin da ya kamata baƙo ɗan sa-kai ya kiyaye.

9.2 Ma'anar Aikin Sa-kai da Ire-irensa

Aikin sa-kai shi ne duk wata hidima da mutum ya ɗaukar wa kansa domin amfanin jama'a, ba tare da an tilasta masa ba, ba kuma don neman albashi ba. Bahaushe ya san tushen wannan a aikin gayya, inda ake taruwa a nome wa tsoho gonarsa ko a yi wa masallaci yaɓe. Bambancin shi ne, mai aikin gayya ɗan gari ne, ya san mai gonar, ya san kuma irin ƙasar da yake nomewa. Mai aikin sa-kai a ƙasar waje kuwa baƙo ne.

Ana iya kasa aikin sa-kai na ƙetare gida biyu. Kashi na farko shi ne na dogon zango, wanda hukumomi ke shiryawa. Misalinsa shi ne ƙungiyar VSO da aka kafa a Ingila a 1958, da hukumar Peace Corps da Amurka ta kafa a 1961, da kuma shirin da Nijeriya ta ƙirƙiro a 1987 na tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu. 'Yan Peace Corps sun fara isa Nefal a 1962. An dakatar da aikinsu a 2004 saboda yaƙin basasar da aka yi tsakanin 1996 da 2006, sannan suka koma a 2012. A irin wannan tsari akan horar da mutum na kusan wata uku, har da koyon harshe, kafin a tura shi ƙauye.

Kashi na biyu shi ne na gajeren zango, wato na matafiyin da zai yi mako ɗaya ko biyu a wuri ya ƙara gaba. Wannan kashi shi ne ya fi fuskantar matsala, kuma a kansa wannan babi ya fi mai da hankali.

9.3 Ƙasar Nefal da Karkararta

Nefal ƙasa ce da ba ta da teku, tana tsakanin Indiya da Sin, kuma babban birninta shi ne Katmandu. Ƙidayar 2021 ta nuna tana da mutane fiye da miliyan 29, mafi yawansu mabiya addinin Hindu. Ƙasar ta kasu shiyya uku: shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a kudu wadda ake kira Terai, da tuddai a tsakiya, da kuma manyan duwatsun Himalaya a arewa. A yankin tuddai akwai ƙauyukan da mota ba ta kaiwa, sai an sauka an taka sayyada na sa'o'i. Da damina, wato daga Yuni zuwa Satumba, zaizayar ƙasa kan datse hanyoyi.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin harshe shi ne, ƙidayar ta lissafa harsunan uwa 124, kuma waɗanda harshen Nefali ne harshen uwarsu ba su kai rabin jama'ar ƙasar ba. A yammaci mai nisa, alal misali, mutane da yawa na magana da Doteli ko Achhami a gidajensu. Ke nan baƙon da ya haddace gaisuwa cikin Nefali a Katmandu yana iya isa ƙauye ya tarar kakannin yaran ba da shi suke hira ba.

9.4 Al'adar Chhaupadi

Chhaupadi al'ada ce ta keɓe mace a lokacin da take haila, bisa imanin cewa ba ta da tsarki, kuma duk abin da ta taɓa zai ƙazantu. An fi samun ta a lardunan Sudurpashchim da Karnali da ke yammacin ƙasar, a gundumomi irin su Achham da Bajura da Dailekh. Mace kan bar ɗaki ta koma wata 'yar bukka ko turken shanu na kwana huɗu ko biyar. Yarinyar da ta ga jini karon farko kan fi haka daɗewa, haka ma mai jego. A tsawon wannan lokaci ba ta shiga madafa, ba ta zuwa wurin ibada, ba ta taɓa maza ko shanu ko famfon da jama'a ke ɗibar ruwa, kuma akan hana ta madara da nono da man shanu. Jama'a sun yi imani cewa saɓa wa wannan na jawo fushin abin bauta, shanu su daina ba da nono, ko wani ya kwanta ciwo a gida.

Ya kamata a lura cewa ba duk 'yan Nefal ne ke wannan keɓewa ba. A sauran sassan ƙasar abin ya fi sauƙi, bai wuce hana shiga madafa da wurin ibada ba. Kuskure ne baƙo ya yi wa al'umma kuɗin goro.

Illar al'adar a fili take. Bukkokin ƙanana ne, galibi ba su da taga, ga shi kuma yankin na da tsananin sanyi, don haka mata kan hura wuta a ciki. A watan Yuli na 2017 maciji ya sari wata budurwa a cikin irin wannan bukka a Dailekh, ta rasu. A watan Janairu na 2019 hayaƙi ya kashe wata mata da 'ya'yanta maza biyu a Bajura.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Kotun ƙoli ta haramta al'adar a 2005. A watan Agusta na 2017 majalisar dokoki ta mai da ita laifi, dokar ta fara aiki a watan Agusta na 2018, inda ta tanadi ɗaurin wata uku ko tarar rufi 3,000, ko duka biyun, ga wanda ya tilasta wa mace. An yi kamu na farko a watan Disamba na 2019 a Achham, bayan mutuwar wata matashiya. Daga nan jami'ai suka shiga rusa bukkoki. Sai dai a wurare da dama matan sun koma kwana a ƙarƙashin tamfol ko a cikin kogo, wanda ya fi bukkar haɗari. An rushe ginin, amma tsoron da ya gina shi yana nan daram. A nan ne ake ganin muhimmancin ilmantarwa, domin doka na iya hana aiki, amma ba ta cire imani. Wannan ne ya sa 'yan ƙasar irin su Radha Paudel, ma'aikaciyar jinya kuma marubuciya, suka dage a kan cewa batun ya wuce na tsabta kawai, batu ne na mutuncin mace.

9.5 Abubuwan da Ake Koyarwa

Darasin kiwon lafiya ga 'yan mata ɗalibai yakan ƙunshi abubuwa huɗu.

Na farko, sanin jiki. Ana bayyana wa yarinya cewa haila jini ne da ke fitowa daga bangon mahaifa idan ba a sami ciki ba, kuma alama ce ta lafiya. Yawanci takan fara tsakanin shekara 10 zuwa 16, jinin kan ɗauki kwana 2 zuwa 7, kuma a shekarun farko ba lallai ne ta riƙa zuwa a kan lokaci ba. Ya fi kyau wannan bayani ya riski yarinya kafin ta ga jinin, domin wadda ba a gaya wa ba takan ɗauka ciwo ne ko wani laifi ta yi.

Na biyu, tsabta. Ana koyar da sauya ƙunzugu ko audugar mata bayan sa'a huɗu zuwa shida, da wanke ƙunzugu da sabulu, da shanya shi a rana har ya bushe. Kunya kan sa 'yan mata su shanya shi a lungu mai duhu ko a ƙarƙashin wasu tufafi, su kuma sake amfani da shi da danshi, abin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi.

Na uku, abinci da ƙarancin jini. Mai haila na asarar sinadarin ƙarfe kowane wata, idan kuwa bai wadatu a abincinta ba sai ta riƙa jin jiri da kasala, hankalinta ya kasa tsayuwa a aji. Abincin yau da kullum a Nefal shi ne shinkafa da miyar wani ƙaramin wake da suke kira dal, tare da ganye. Malami mai hikima da wannan zai yi misali, ya nuna amfanin waken da ganyen, ya ƙara da cewa matsa lemon tsami na taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin, shan shayi tare da abinci kuwa na rage zuƙarsa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa mata masu haila ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 20 cikin ɗari. Raba wannan ƙwaya aikin jami'an lafiya ne, ba na matafiyi ba.

Na huɗu, sanin lokacin zuwa asibiti, kamar idan jini ya wuce mako guda, ko ya yi yawan da ba a saba gani ba, ko ciwon mara ya hana yarinya tashi.

9.6 Harshe da Sakaya Zance

Kowace al'umma tana da hanyar da take kauce wa ambaton abin kunya kai tsaye. Bahaushiya takan ce tana al'ada, ko tana fashin salla, maimakon ta ambaci jini. Haka abin yake a Nefali. Akwai kalmar mahinawari, wadda ke nufin abin wata-wata. Akwai kuma nachhune, ma'ana wadda ba a taɓawa, da para sarne, ma'ana matsawa can nesa.

Idan aka duba da kyau za a ga sakayar iri biyu ce. Ta farko rufe abu kawai take yi, ba ta zartar da hukunci a kansa, kamar al'ada da mahinawari. Ta biyu kuwa tana ɗauke da hukunci a cikinta, domin duk lokacin da yarinya ta ce ita nachhune ce, ta riga ta amsa cewa ita abin gudu ce. Baƙuwar da ke magana da Ingilishi ta bakin tafinta ba za ta san wace kalma tafintar ta zaɓa ba. Tana iya cewa haila ba ƙazanta ba ce, tafinta ta fassara da kalmar da ita kanta ke nufin ƙazanta, sai saƙon ya warware kansa tun kafin ya isa kunne. Saboda haka wajibi ne a zauna da tafinta kafin shiga aji, a bi muhimman kalmomi ɗaya bayan ɗaya a tsai da wadda za a yi amfani da ita.

Haka kuma wane ne tafintan yana da tasiri. A ƙaddara an tara 'yan mata arba'in a aji, shugaban makaranta namiji na tsaye yana fassara, samari na leƙe ta taga. Ko da an tambaye su ko sun gane za su amsa baki ɗaya, amma babu wadda za ta ɗaga hannu. Shirun nan ba fahimta ba ce. Dabarar da malamai kan yi ita ce a keɓe 'yan matan da malama mace, a ba kowace takarda ta rubuta tambayarta ba tare da suna ba, a jefa a akwati. Ta wannan hanya ne tambayoyin gaskiya ke fitowa. Samarin ma suna da nasu zaman daban, domin tsokanarsu na daga cikin abin da ke korar yarinya daga aji.

9.7 Abin da Bincike Ya Nuna

Matafiya da yawa kan zo da jaka cike da audugar mata, bisa zaton rashinta ne ke hana 'yan mata zuwa makaranta. Binciken masana ya nuna lamarin ya fi haka zurfi. Emily Oster da Rebecca Thornton sun yi nazari a kan 'yan mata 198 a makarantu huɗu na gundumar Chitwan ta Nefal, aka buga sakamakon a 2011. Sun raba wa wasu daga cikinsu wani ɗan kofin roba na tare jini, sannan suka bi diddigin zuwansu makaranta. Sun gano cewa abin da haila ke sa yarinya ta rasa bai kai yini guda ba a shekarar karatu mai kwana 180, kuma kofin bai sauya yawan zuwa makaranta ba. Ya kamata a tuna cewa Chitwan tana kudancin ƙasar, ba a yankin chhaupadi take ba, don haka ba za a shimfiɗa sakamakon a kan ko'ina ba.

A ƙasar Gana kuwa, wani nazari da aka buga a 2012 a kan 'yan mata 120 a ƙauyuka huɗu ya nuna cewa raba auduga tare da ilmantarwa ya ƙara zuwa makaranta, kuma bayan wata biyar waɗanda aka ilmantar kawai ba tare da auduga ba sun kamo su. Abin da za a fahimta daga nazarce-nazarcen biyu shi ne, matsalar wani gari ba lallai ta zama ta wani ba, kuma kaya ba ya maye gurbin bayani. Auduga kan ƙare bayan wata biyu, ta kuma bar matsalar inda za a zubar da ita a ƙauyen da ba a kwashe shara.

9.8 Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A 1988 gwamnatin Nefal ta kafa shirin mata 'yan sa-kai masu kula da lafiyar al'umma, waɗanda yawansu ya kai kimanin 50,000. Matan ƙauye ne da ƙungiyoyin iyaye mata ke zaɓa daga cikinsu, a ba su gajeren horo. Su ne ƙashin bayan rabon sinadarin bitamin A ga yara sau biyu a shekara, wanda aka fara a 1993. Irin wannan mata ta san kowane gida, ta san surukar da ke da faɗa-a-ji, kuma tana nan bayan baƙuwa ta tafi.

Wannan na da muhimmanci domin ba yarinya ce ke yanke hukuncin inda za ta kwana ba. Idan baƙuwa ta ce mata ta ƙi zuwa bukka, sannan ta hau mota washegari, ta bar ta ne ita kaɗai a gaban kakarta da mahaifinta da bokan gari. Idan aka yi rashin sa'a saniya ta mutu a makon, a kan yarinyar laifin zai faɗa. Sauyi mai ɗorewa sai an haɗa da iyaye mata da malamai da masu faɗa-a-ji, kuma sau da yawa mataki-mataki yake zuwa, daga bukkar waje zuwa wani ɗaki a cikin gida.

9.9 Ƙa'idojin da Baƙo Zai Kiyaye

(a) Ya shiga ta ƙofa, wato ya nemi izinin hukuma da na makaranta. Dokar Nefal ba ta yarda mai bizar yawon buɗe ido ya yi aiki ba, ko da na sa-kai ne.
(b) Ya fara da sauraro, ya tambayi malamai abin da aka riga aka koyar da abin da ya rage.
(c) Ya bar malama 'yar gari ta ja ragamar darasi, shi ya zama mataimaki.
(d) Kada ya wuce iyakar saninsa, kada ya duba mara lafiya ko ya ba da magani.
(e) Kada ya ɗauki hoton yarinya ko ya yaɗa labarinta ba da izininta da na iyayenta ba.
(f) Ya guji zagin al'adar mutane a gaban 'ya'yansu, ya tsaya a kan bayyana illa da hujja.
(g) Ya bar abin da zai ɗore, kamar zanen bango cikin harshen gari, ko koyar da ɗinkin ƙunzugun da ake wankewa, ko gyara ƙyauren makewayin 'yan mata.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda aikin sa-kai na matafiya ke gudana a karkarar Nefal, da al'adar da ta sa ilmantar da 'yan mata ya zama batun rai da mutuwa a can. An ga cewa doka da rushe bukkoki ba su wadatar ba, kuma raba kaya bai kai bayani tasiri ba. An kuma ga cewa zaɓen kalma ɗaya na iya gyara darasi ko ya ɓata shi. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai bushe, don haka ana auna aikinsa ne da abin da malamar gari ta iya ci gaba da yi bayan tafiyarsa. Ɗalibin da zai kammala wannan kwaleji ana iya tura shi koyarwa garin da bai taɓa zuwa ba, ya tsaya a gaban 'yan matan da ke jin nauyin tambayarsa. A ranar, shi ma waɗannan ƙa'idoji sun hau kansa.

9.11 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kwatanta aikin gayya da aikin sa-kai na ƙetare, ka fito da bambanci biyu.
2. Mece ce chhaupadi? Kawo matakai uku da hukumomin Nefal suka ɗauka a kanta tare da shekarunsu.
3. Me ya sa rushe bukkoki bai kawo ƙarshen al'adar ba?
4. Bayyana ire-iren sakaya zance biyu da aka ambata, ka kawo misalai biyar na sakaya daga Hausa a kan sha'anin lafiyar jiki, ka nuna rukunin kowanne.
5. Tsara darasin minti arba'in cikin Hausa ga 'yan matan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan ƙarancin jini, ka yi misali da abincin yankinku.